WAƘAR JAYAYYA DA WAƘAR ZAGI

Yaran makaranta da ke zaune a Gyadi-Gyadi da Tarauni, cikin Kano, ba su bukatar kowa ya gaya musu zaɓe ya matso, gama kunnensu ke fara ba su labari. Tun da sassafe, yaro bai kai ƙofar makaranta ba, ya ji waƙar wannan ɗan takara cikin a-daidaita-sahu, ya ji ta wancan a teburin mai shayi, ga kuma mota ta ɗauko lasifika a ka tana bin Titin Zariya tana ruri. In an tashi ya biya ta kasuwar waya ta Fam Santa, inda a kan tura wa mutum waƙa hamsin cikin wayarsa kafin ya gama gyara zaman hularsa. Ga kuma Titin Gidan Zu nan kusa, inda ɗakunan ɗaukar waƙa suke. Saboda haka in mun ce yaron Tarauni ya fi haddace waƙar siyasa bisa ga abin da ke cikin littafin karatunsa, ba mu yi masa ƙage ba.

Shi ya sa a wannan mako muka ajiye littattafan hikaya, muka ce bari mu auna wannan irin waƙa kamar yadda mu kan auna kowane littafi. Akwai kuma wani dalili. Ranar 20 ga watan Maris, 2023, da aka faɗi sakamakon zaɓen gwamnan Kano, waɗansu mutane suka cinna wuta a wani gini na mawaƙin nan Dauda Kahutu Rarara a wajen Titin Gidan Zu, har gwamnati ta hana fita a ran nan. Mawaƙin bai tsaya takara ba, bai ƙirga ƙuri'a ba. Waƙa ya yi. Waɗanda suka sa wutar sun yi mugun laifi, ba kuwa wani baiti a duniya da zai wanke su. Amma fa abin tambaya yana nan: yaya aka yi waƙa ta kai matsayin da jama'a ke ganinta kamar makami, har su rama ta da ashana?

Kafin mu amsa, sai mu ɗauko mudun da za mu yi awo da shi. Mudunmu kuwa shi ne waƙar Malam Sa'adu Zungur mai suna Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, wadda galibinku kun gamu da ita a aji.

Malam Sa'adu mutumin Bauci ne. Ya yi karatun Arabiyya mai zurfi a gida, ya yi Kwalejin Katsina, ya tafi babbar makarantar Yaba a Ikko, ya rasu a 1958. A Bauci, cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, shi da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da waɗansu malamai suna da wata majalisa inda su kan taru su yi mujadala a kan al'amuran ƙasa. Ku riƙe wannan, gama daga cikin mazauna majalisar nan ɗaya ya zama Firayim Minista a jam'iyyar NPC, ɗaya ya zama shugaban NEPU mai adawa da ita. A tabarma guda suka koyi gardama.

Abin da ya tayar da waƙar shi ne labarin ƙasar Indiya. Da ta sami mulkin kai a 1947, sarakunanta fiye da ɗari biyar suka ga sarautarsu ta narke cikin sabuwar ƙasa. Nizam na Haidarabad, wanda ya fi su duka dukiya, ya so ya tsaya shi kaɗai, sai soja suka shiga ƙasarsa a watan Satumba, 1948, magana ta ƙare. Malam Sa'adu ya dubi wannan, ya dubi Arewa, ya ce wa sarakuna ga abin da ke tafe. Shawararsa ita ce a bar sarauta amma a ɗaure ta da doka da majalisa, irin yadda ake yi a Ingila, a kuma tashi tsaye a kan ilmi da adalci. In sarakuna sun ƙi gyara, to, jumhuriya za ta zo ta share su, ba kuwa wanda zai yi musu kuka.

To, mene ne ya sa muke kiran wannan waƙar jayayya? Ku dubi sunanta tukuna. Hanya biyu ya aza a gaban mai karatu, ya sa "ko" a tsakani. Wanda ya sa "ko" a maganarsa ya yarda ke nan akwai mai hankalin da zai zaɓi ɗaya hanyar. Sa'an nan ku dubi yadda yake kafa hujja. Ba ya cewa ku yarda don ni na faɗa. Sai ya kai ku Indiya ya nuna muku abin da ya faru, ya komo da ku zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tuna wa sarakuna a kan me aka kafa gadon da suke kai. Mai karatu yana iya zuwa ya bincika ko haka ne. Yana da zafi ƙwarai, ba ya sassauta wa masu mulki, amma halinsu yake sara, da jahilci, da zalunci, da sakaci. Ya bar musu ƙofar da za su fito da mutuncinsu in sun gyara. Ga shi kuma ya ɗaure waƙar duka da amsa-amo guda, watau "ya", tun daga farko har ƙarshe, abin da ke tilasta wa mai waƙa ya zauna ya nemi kalma, ba ya kwaso wadda ta fara zuwa bakinsa ba.

Kada ku ɗauka za mu wanke ta sarai don mai ita ya rasu kuma sunansa ya yi girma. Tana da nauyin Larabci a waɗansu wurare, har yaron firamare ba ya gane ta sai da malami, alhali kuwa talakawa ake so su farka. Wannan ƙaramin aibi ne. Babban shi ne yadda ta yi maganar mutanen Kudu. Malam Sa'adu ya zauna a Ikko, ya yi aiki da jam'iyyar NCNC, ya komo ransa a ɓace, ɓacin ran nan kuwa ya shiga waƙar. Inda yake magana da sarakuna ya kan rarrabe mai gyara da mai ɓarna, amma da ya juyo kan 'yan Kudu sai ya haɗa su a kwando ɗaya ya tsoratar da Arewa da su. A nan alƙalaminsa ya bar hujja ya kama tsoro. Ba mu ce waƙarsa ce ta jawo ba, amma ku tuna ba a yi shekaru da yawa ba, bayan an yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko a kan shawarar Anthony Enahoro ta neman mulkin kai a 1956, sai faɗa ya tashi a Kano ranar 16 ga watan Mayu, 1953, tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi, gwamnati ta ƙirga gawa 36. Tsoron da ke cikin baitocin nan shi ne ke yawo a gari a lokacin, mai hikima irin Malam Sa'adu kuwa ya kamata ya rage shi, sai ya ƙara masa gishiri.

Abin da ya fi faranta mana rai a labarin waƙar nan shi ne abin da ya biyo bayanta. Wani saurayi a Kano, Mudi Sipikin, wanda yana cikin mutum takwas da suka kafa NEPU ranar 8 ga watan Agusta, 1950, ya karanta ta bai yarda ba. Bai ce Malam Sa'adu ya ci kuɗin sarakuna ba, bai tono asalinsa ba, bai tara yara su jefi gidansa ba. Sai ya zauna ya rubuta tasa, ya sa mata suna Arewa Jumhuriya Kawai. Ya ɗauki sunan waƙar babba ya cire "ko" ya sa "kawai", ya kawo nasa dalilan da suka sa yake ganin sarauta ba ta gyaruwa. A ganinmu ta Malam Sa'adu ta fi zurfi da faɗin sani, ba mamaki kuwa, gama akwai shekaru da karatu tsakaninsu. Amma wanda ya karanta su biyun a jere ya fita da abin da bai shigo da shi ba, ko da wane gefe ya zaɓa. Mutanen biyu kuma suka ci gaba da zama a inuwar NEPU. Saɓani irin wannan shi ne abincin mulkin jama'a.

Kada tsofaffi su ji haka su gyara zama su ce ai a zamaninmu ba a zagi. An yi, an kuma yi mai muni. Cikin shekarun 1950 mawaƙan NPC sun kira 'yan NEPU marasa kunya, marasa asali, masu fita daga addini, mawaƙan NEPU kuma sun kira waɗancan azzalumai da barorin ciki. Gambo Hawaja, wanda ba wanda ke musun fasaharsa, tun a sunan shahararriyar waƙarsa ya yanke hukunci cewa wanda duk ya ƙi NEPU wawa ne. To, ina za a fara magana da mutumin da aka riga aka ce masa wawa? A Kano aka kafa ƙungiyar da ake kira 'Yan Mahaukata don ta fasa taron NEPU. Aure ya mutu a kan fartanya da tauraro, wa da ƙane suka daina gaisawa.

Sai dai in za mu yi adalci, mu faɗi abin da ya wasa harshen 'yan NEPU. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, sun yi nasara a matakin farko cikin birnin Kano, amma da aka kai matakin ƙarshe, inda En'e ke da ikon cusa nata mutane, ko ɗaya bai kai majalisa ba. Kotunan alƙalai suna ɗaure su a kan taro ba izini ko a kan maganar da aka ce zagin sarki ce. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mutumin da aka rufe wa ƙofar majalisa, aka buɗe masa ta gidan yari, waƙa kaɗai ta rage masa, ba kuwa za ta fito da sanyi ba. Wannan uzuri ne da mawaƙin yau ba shi da shi, musamman wanda ke waƙa a gindin mai mulki.

Sa'an nan aka zo zamanin PRP, jam'iyyar mabuɗi, wadda ta ci Kano da Kaduna a 1979. Ba a yi shekara biyu ba ta dare gida biyu, gefen Malam Aminu Kano da gefen Gwamna Abubakar Rimi, aka sami Taɓo da Santsi. A wajen azanci sunayen nan sun yi kyau, dole mu yaba. Duka biyu daga ƙasar damina guda aka ɗebo su: waɗannan na cewa santsi ya kwashe 'yan'uwanmu, waɗancan na cewa ku kuwa kun maƙale a taɓo. Habaici ne mai ban dariya, ba wanda aka fitar daga cikin 'yan Adam. Amma abin bai tsaya a dariya ba. An tsige Gwamna Balarabe Musa a Kaduna a watan Yuni, 1981. A Kano, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, tarzoma ta tashi ranar 10 ga watan Yuli, 1981, aka ƙone gidan rediyo da ofishin jarida da waɗansu gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara a kan siyasa, mutumin da makaminsa alƙalami ne. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga watan Afrilu, 1983, jam'iyyarsa tana a rabe. Ranar 31 ga watan Disamba na shekarar nan soja suka karɓi mulki, ba su kuwa tambayi kowa ko shi Santsi ne ko Taɓo kafin su rufe jam'iyyu duka. Asibitin koyarwa da kuke wucewa kullum a Titin Zariya sunan Malam Aminu yake ɗauke da shi, yau kuwa kowane gefe na siyasar Kano cewa yake shi ne magajinsa.

Yanzu mu komo kan waƙoƙin da ke fitowa daga Titin Gidan Zu. Rigimar da suka fi yi wa hidima cikin shekarun nan ita ma ta 'yan gida ɗaya ce, gama Dakta Abdullahi Umar Ganduje mataimakin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ne har sau biyu, daga 1999 zuwa 2003, da kuma daga 2011 zuwa 2015, kafin su raba gari a sami Kwankwasiyya da Gandujiyya.

Mu fara da yabo, don akwai abin yabo. Hausar mawaƙan nan rayayya ce, ta kasuwa da tasha, ba ta bukatar malami ya fassara. Sun iya amshi, har wanda ba ya son ɗan takarar sai ya tarar bakinsa na maimaitawa yana wanka. Sun iya ɗauko karin magana su juya ta ta dace da labarin jiya. Waƙar da Rarara ya yi wa Janar Muhammadu Buhari a zaɓen 2015 ta shiga ƙauyukan da jarida ba ta taɓa shiga ba, tsohuwa da jikanta duk sun san ta. A nan sun fi Malam Sa'adu, ba ma jin kunyar faɗi. Shi ya rubuta wa masu karatu, su kuwa sun kai ga kowa.

Amma ku yi wani gwaji. Ku ɗauki ɗaya daga cikin waƙoƙin nan, ta kowane gefe, ku rubuta kalmominta a takarda, ba kiɗa, ba muryar da kwamfuta ta gyara, sa'an nan ku karanta a hankali. Mun yi haka da waɗansu, ga abin da muka tarar. Kashi ɗaya kirari ne ga maigida. Kashi ɗaya jerin sunayen waɗanda suka yi wa mawaƙi alheri ne, wane ya ba da mota, wane ya ba da kujerar Makka. Abin da ya rage zambo ne ga abokin hamayya, zambon kuwa ba ya taɓa aikinsa sai jikinsa: tafiyarsa, bakinsa, tsufansa, ciwonsa. Wannan a ce masa tsula, wancan a ce masa hankaka. In kun nemi baiti guda da ya ce ga abin da abokin hamayya yake faɗi, ga kuma inda ya kuskure, sai ku sha wuya. Babu "ko" a cikinsu. Da yake kuma waƙar ta kuɗi ce, mawaƙi na iya zagin mutum bana ya yabe shi baɗi, da karin murya guda, bai ga abin da zai ba da hanzari a kai ba, gama tun farko ba hujja ya kafa ba balle ya warware ta. Shi ya sami sabuwar mota ya wuce, yaran unguwa kuwa da suka fasa wa juna kai a kan waƙar bara suna nan da tabonsu.

Wani zai ce ai zambo gadonmu ne, Narambaɗa ya yi, Ɗanƙwairo ya yi. Gaskiya ne. Makaɗan fada sun yi wa 'yan sarki masu neman gadon ubangidansu zambo mai ciwo. Amma ku lura da bambanci. Makaɗin fada ba ya kama suna, sai ya zana siffa ya bar masu hankali su gane, wanda aka yi dominsa kuwa in ya nuna ya ji, shi ya tona kansa. Abin a zaure yake, tsakanin mutane kaɗan 'yan gida ɗaya da suka san iyakar wasan. Talaka ɗan kallo ne, ba a ce ya ɗauki gefe ba. Zambon yau kuwa ba a kan mutum ɗaya yake sauka ba, a kan duk wanda ya bi shi ne. A zaɓen 2023 Injiniya Abba Kabir Yusuf ya sami ƙuri'a 1,019,602, Dakta Nasiru Yusuf Gawuna ya sami 890,705. Duk gefen da ka kira garken dabbobi, ka zagi kusan rabin masu zaɓen Kano ke nan, a cikinsu kuwa akwai mai kayan miyan da uwarka ke saye a wurinsa a kasuwar Tarauni, da limamin da kake bi, wataƙila da mijin yayarka. A lungu ɗaya na Gyadi-Gyadi ana samun mai jar hula da wanda ba ya sa ta, rijiya ɗaya suke ɗiba, makabarta ɗaya ake kai su.

Ba mu so mu tsorata ku da abin da ya fi ƙarfin maganar, Kano ba Ruwanda ba ce. Amma ya kamata ɗan makaranta ya san cewa a can, kafin kisan 1994, an daɗe ana kiran waɗansu mutane kyankyasai a rediyo, kuma kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure wani shahararren mawaƙi, Simon Bikindi, shekara 15 a 2008, saboda kiran kisa da ya yi ta lasifikar mota. Sunan dabba da aka liƙa wa mutum ya kan rage nauyin dukansa a hannun mai duka.

To, ina magani? Masu mulki kullum maganinsu guda ne, watau a kama mawaƙi. An kama Aminu Ala a 2009 a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka sake kama shi a 2019 a zamanin Ganduje, duka a kan waƙa. Mu ba mu ga amfanin wannan ba. Sandar hukuma ba ta cika faɗa wa mawaƙin gwamnati ba, sai na adawa, saboda haka ba zagi take hanawa ba, zaɓar wanda zai yi zagin take yi. Waƙar da aka hana kuwa ita ce aka fi nema a Fam Santa. En'e ta gwada wannan hanya shekara da shekaru a kan 'yan NEPU, ba ta kashe waƙa ko ɗaya ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Ranar 14 ga watan Janairu, 2015, 'yan takarar shugaban ƙasa suka sa hannu a Abuja a kan alkawarin zaman lafiya, a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, kwamitin Janar Abdussalami Abubakar da Bishop Matthew Kukah kuma ya bi maganar. Da aka yi zaɓe, Shugaba Goodluck Jonathan ya buga wa Buhari waya ya taya shi murna tun ba a gama faɗin sakamako ba. Wanda ya tuna rayukan da aka rasa a Arewa bayan zaɓen 2011 ya san abin da wayar nan ta tsare. A Kano ma, Gawuna ya fito ya taya Abba murna cikin watan Maris, 2023. Jam'iyyarsa ta kai ƙara, kotun zaɓe ta ba ta gaskiya ranar 20 ga watan Satumba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a watan Nuwamba, Kotun Ƙoli ta warware duka ranar 12 ga watan Janairu, 2024. Wata goma gari yana ɗar-ɗar, amma a gaban alƙali aka ƙare, da takarda da lauya. Abin da muke zargin mawaƙa da shi a nan shi ne, irin waɗannan ranaku ba su cika samun waƙa ba. Mutum ya faɗi zaɓe ya miƙa hannu, wannan jaruntaka ce da ta isa kirari, amma ba mai biyan kuɗinta. Kuma in ana sa hannu a kan alkawarin zaman lafiya, 'yan takara ake kira, alhali muryar da ke shiga kowane gida ta mawaƙi ce da ta sojojin baka na rediyo. Da mu ne masu shirya taron, da mun ajiye musu kujera da alƙalami.

Ba kuwa sai mun je wata ƙasa aron dabara ba. Bakano da Bazazzagi sun daɗe suna yi wa juna ba'a, haka Bafillace da Babarbare, haka Bagobiri da Bayarabe. Ana faɗin magana mai zafi a wasan nan, amma yana da doka: wanda aka tsokana yana da ikon ramawa nan take, wanda ya yi fushi shi ya faɗi, in kuwa wahala ta sami ɗaya, abokin wasansa ne farkon mai kai gudummawa. A Jumhuriyar Nijar har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin gadon duniya a 2014. Mutanen da suka ƙago wannan ba za a ce ba su san yadda ake saɓani a kwana lafiya ba.

Ga abin da muke so ku yi, ku 'yan makarantun Tarauni da sauran wurare. In kun tashi daga Gyadi-Gyadi za ku shiga birni ta Titin Zariya, za ku bi ta gadar Dangi, wadda aka gina a zamanin Ganduje, ku isa gadar Ƙofar Nasarawa, wadda aka gina a zamanin Kwankwaso. Mawaƙin kowane gefe gada ɗaya kaɗai yake gani. Ku kun hau duka biyu. Ku tambayi direba wacce ta rage masa cunkoso, ku tambayi mai shagon da ke gindinta me ta yi wa cinikinsa, ku tambayi malaminku ko da kuɗin nan aka gina ajujuwa da ya fi. A kan wannan ana iya yin jayayya ta gaske, gada ko makaranta, kuma mai hankali na iya tsayawa a kowane gefe.

Sa'an nan ku yi yadda Malam Sa'adu da Mudi Sipikin suka yi. Ɗaya ya rubuta waƙa ya kare ra'ayinsa, abokinsa ya amsa masa, ku aiko mana da su biyun tare, za mu buga waɗanda suka fi kyau a wannan shafi. Sharaɗinmu shi ne kada a kira kowa da sunan dabba, kada a taɓa jikin mutum ko iyayensa, kuma kowace waƙa ta ƙunshi baiti biyu aƙalla da suka faɗi hujjar abokin gardama yadda shi kansa zai ji ya ce, i, haka nake nufi. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, mun sani, a nan kuwa za mu fi sa ido. Amsa-amo ya zama guda daga farko har ƙarshe. Baiti ashirin ya isa. A rubuta da tawada a gefe ɗaya na takarda, a sa sunan makaranta da aji, malami kuma ya sa hannu a ƙasa don mu tabbata aikin yaro ne.